Tsarabar Krakow

Ma'aikaciyar filin jirgin Manchester ta juya fasfon Hajiya Zinatu sau biyu, sannan ta miƙo mata shi da ɗan murmushin nan mai kashe jiki. Saura masa wata biyu ya ƙare, ita kuwa Poland ba ta karɓar ƙasa da wata uku. Sauran 'yan yawon buɗe ido suka bi jagoransu mai ɗauke da tuta ruwan ɗorawa suka shige, aka bar Hajiya tsaye da akwati da sabuwar rigar sanyi.

Da tafiyar ce kawai ta lalace, da da sauƙi. Matsalar ita ce Hajiya Ruƙayya, akantar nan ta Whalley Range, wadda tun bara ta hana matan Arewa na Manchester sakat da labarin Poland. Ko zancen tsadar attarugu ake yi, sai ta gyara zama ta ce, "Mu da muka je Krakow..." Hoto dai ba ta nunawa, wai ɗaukar hoto aikin ƙauyawa ne, mai ilimi da ido yake kallo. Haushin wannan ne ya sa Zinatu ta yi rajistar irin tafiyar sak, kwana bakwai, birane uku, ta kuma shelanta a zauren WhatsApp. Mata arba'in sun yi mata Allah ya kiyaye hanya, talatin daga ciki sun ce a yo tsaraba.

Ta koma gida Levenshulme yanzu? Gara ƙasa ta tsage ta shige. Ta buga wa maigida waya ta sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, ta hau jirgin ƙasa sai Birmingham, gidan ƙanwarta Hafsa.

Sai da Hafsa ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Yaya, akwai wani kantin 'yan Poland a bayan gidajen hayar 'yan uni. Mai shi ta san ƙasar kamar yunwar cikinta."

Zinatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, don ta san a unguwar nan 'yar Ruƙayya take karatu. Mai kantin wata dattijuwa ce, sunanta Danuta, wadda ta shekara ashirin tana yi wa baƙi jagora a Krakow kafin ta ƙauro Ingila. Zinatu ta fara inda-inda. Tsohuwa ba ta bari ta ƙarasa ba, ba ta kuma nuna ko ɗigon mamaki ba. Ta jawo akwatin dankali ta kife, ta nuna mata ta zauna.

Kwana biyar ana darasi. Zinatu ta haddace mai busa ƙahon da ke katse busarsa a tsakiya kowace awa daga saman hasumiya. Ta haddace yadda aka sake gina tsohon garin Warsaw bayan yaƙi ya mai da shi kufai, da duwatsun ado masu ruwan zuma na Gdansk. Ranar da aka zo kan ramin haƙar gishiri ne kawai gyangyaɗi ya ɗan sace ta, don tsohuwar akwai jan zance. Tsaraba kuwa Danuta ce ta ware da kanta: kofunan tangaran shuɗaye da alewar madara marar kitsen alade, tun ba a tambaye ta ba. Ta ɓare duk wata takarda mai rubutun Turanci da saurin wadda ta saba.

Zinatu na dawowa sai ga gayyata. Ruƙayya ce da kanta ta shirya mata walimar sannu da zuwa a gidanta. Zinatu ta san ba don Allah ba, ta yi ta bitar darasin Danuta har ranar Asabar ɗin walimar.

Falo ya cika maƙil. Ruƙayya ta yi ta jefo tambaya, Zinatu na cafewa. Har busar ƙahon ta kwaikwaya da baki ta katse a tsakiya, mata suka tafa. Alewa na zagawa, kai ya fara kumbura, har ta soma ƙara gishiri a miya. Nan ne fa Nanret, wata nas 'yar Filato da ta taɓa zuwa Krakow da abokan aikinta, ta ɗago kai.

"Hajiya, ƙafafunki ba su yi tsami ba a ramin gishirin nan?"

"Ina! Ai lif muka shiga muka sauka."

"Lif? Da matakala ake sauka fa, almost four hundred steps. Fitowa ce ake yi da lif."

Idanu suka koma kan Ruƙayya, tunda ita ce hukuma a harkar Poland. Zinatu ta sadaƙar asirinta ya gama tonuwa, kuma a bakin wadda ta fi tsoro.

Ruƙayya ta kurɓi shayi, ta ajiye kofi a hankali. "Ke Nanret, wannan na masu tikitin gama-gari ne. Mu package ɗinmu na manya ne, da lif muke sauka."

Hira ta koma kan alewa.

Da aka fara watsewa, Zinatu ta kwashi faranti ta bi uwar gida kicin. Kunya ta kama ta ainun, ta ji ta zalunci baiwar Allah da mugun zato shekara guda. Ta buɗe baki za ta yi godiya, watakila ma ta faɗi gaskiya ta huta. Ruƙayya ta tura ƙofa da ƙafa, ta leƙa ta taga, ta yi ƙasa da murya.

"Ni ma a kan gishirin nan na yi gyangyaɗi bara. Wai har yanzu a kan akwatin dankali Danuta take zaunar da mutane?"