Tela da Sabon Ƙahon Kekensa

To, Malam Tanimu, tunda ka ce sabon injin niƙan nan ba za ka kwance shi daga kwali ba sai ranar buɗe shago, gyara zama in ba ka labarin wasu aminai biyu, tela da masunci.

A garinsu akwai wani babban dam, kuma duk shekara bayan girbi akan yi gasa mai hawa uku a bakinsa: a faɗa ruwa a yi iyo, a fito a hau keke a zagaye dam ɗin, a sauka a ƙarasa da gudu a ƙafa. Mutum uku na farko su ake ɗauka su je su wakilci gari a gasar jiha. Masunci kifi ne a ruwa, amma a kan keke sai a hankali. Tela kuwa shekara ashirin yana taka keken ɗinki, ƙafarsa ba ta san gajiya ba, kuma bara da taku kaɗan matsayi na uku ya kuɓuce masa. Sai suka yi shawara su ƙara wa kekunansu kaya. Kowa ya yi odar irin ƙahon nan na 'yan tsere, sanduna biyu da suka miƙe gaba, mutum ya ɗora gwiwar hannu ya kwanta a kansu don ya tsaga iska. Suka haɗa da ƙafafu marasa nauyi masu faɗin baki. Kayan suka iso saura wata biyu a yi gasa.

Masunci ran nan ya kai wa mai gyaran keke aka ɗaura masa. Hawan farko ya faɗi a gaban masu sayar da rake, suka yi masa dariya har da riƙe ciki. Kwana uku wuyansa ba ya juyawa. Ya koma aka ɗaga ƙahon, ya koma aka ja sirdi gaba, ya sake komawa aka mayar da shi baya kaɗan. A haka ya gane cewa sabon ƙahon ba shi da birki, in ana son tsayawa sai an tashi an mayar da hannu kan tsohon. Ya kuma gane cewa a kan gadar dam, inda iska ke bugowa daga ruwa, ƙafafun nan masu faɗi tare iska suke yi kamar faifai, su ture keke gefe. Kafin wata ya cika, kayansa duk sun kurje, ba mai cewa sababbi ne.

Tela kuwa ya naɗe nasa a cikin ragowar yadin shadda ya ɗora a saman sif, ya ci gaba da atisaye da keken yadda yake. Masunci ya ce masa, "Aboki, ɗaura kayan nan ka ji halinsu."

Tela ya yi murmushi ya ce, "Wa ke sa kayan salla tun ana azumi? Bari su gan ni ranar."

Sai ana gobe gasa, bayan la'asar, ya kai aka ɗaura. Ya turo keken gida a hannu don kada taya ta taɓa ƙura da yawa.

Ranar gasa kuwa sun gan shi. Keken yana walƙiya, jama'a suka kewaye shi suna shafawa. Ya fito daga ruwa na bakwai, ya haye, ya kwanta a kan ƙaho, sai ga shi yana wuce mutane ɗaya bayan ɗaya, shi kansa yana mamakin gudun. Ya wuce masunci har da ɗaga masa gira. Yana hawa gadar dam shi ne na biyu. Nan iska ta bugo daga dama. Ƙafar gaba ta karkace, keke ya nufi gangare, tela ya damƙe ƙaho yana neman birki, yatsunsa suna matsa iska. Ya gangara yana salati da ƙarfi har cikin gonar albasa da aka gama ba ta ruwa da safen nan, ya kife a cikin taɓo mai laushi.

Mai gonar ya ajiye fartanya ya zo ya zaro shi, ya duba hannu ya duba ƙafa, ya ga ko ƙwarzane babu, sannan ya saki dariyar da yake riƙewa. Ya ce, "Sannu, bawan Allah. Albasa ake so ko hanya aka ɓata?" Ya taya shi ciccibo keken zuwa kan titi. A lokacin masunci ya daɗe da wucewa. Tun kafin ya hau gadar ya tashi zaune, ya mayar da hannu kusa da birki, ya jingina wa iska kafaɗa, ya ƙetare lafiya.

Masunci ya zo na uku. Tela ya shigo kusan ƙarshe, taɓo tun daga gira har idon sawu, ganyen albasa maƙale a rigarsa, kuma ba a yi wa kowa tafi ran nan kamar yadda aka yi masa ba. Ya rungume amininsa ya ɓata masa riga, yana dariya yana cewa, "Ni da ba na barin mutum ya fita daga shagona da riga sai ya gwada ta a gabana!" Washegari da hantsi aka gan shi a kan gadar dam, yana kai da kawowa a hankali, yana koyon tashi da kwanciya a kan ƙaho, saura shekara guda cif a sake gasa.

Shi ya sa magabata suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.