Murfin Fiyano

Yana ɗora yatsunsa a kan fiyano na ce, "Maigida, da gaske gobe za ka yi wa sojojin nan kiɗa?"

Shekara talatin ina goge masa fiyanon nan, babban abin kiɗan da ya yi suna da shi. Ban yi boko ba, amma in ya taɓa shi sai tsigar jikina ta tashi. Kwano ɗaya muke ci. Shi ne ya miƙe gaban dubban mutane ya rantse ba zai taɓa kaɗa wa masu kashe talakawa ba. Ranar har kuka na yi.

"Baba, 'yata tana hannunsu," ya ce, kansa a ƙasa. "Kiɗa ɗaya ne, su sake ta."

"Rantsuwar fa?"

"Rantsuwa ce take kirana Abba?"

Na dubi dogayen yatsun nan goma. Murfin fiyano katako ne mai nauyi, ni na san nauyinsa. Na maka shi a kan yatsun da hannu biyu.

Har yau ana yabonsa, wai ya gwammace ya karya yatsunsa da ya rusuna. Yarinyar ba ta dawo ba. Ni kuwa kullum da safe ina goge hotonsa.