Zanen Inna a Tsagar Jirgi

Mu huɗu ne a bakin kogi ran nan, can garinmu a Sudan: Baba, ƙanensa Kawu Sale, Hajja maƙwabciyarmu da ta kawo shayi, sai ni, 'yar shekara takwas. Kwana arba'in ke nan da rasuwar Inna.

Jirgin katakon da Baba ke ciyar da mu da shi ya tsage, an kife shi kan yashi, ga tsumman toshewa ya ƙare. Baba ya ce, "Ke, miƙo zanen nan." Zanen Inna ne nake yafe da shi, da sauran ƙamshinta a jiki.

Hajja ta ce, "Haba Malam, bar wa marainiya mana!"

Ya ce, "Ƙamshi za ta ci?"

Ya kekketa shi, yana cusawa a tsagar da kurfi, ƙarfen sassaƙa, yana bi da guduma, Kawu na shafa kwalta. Bai ɗago kai ba ko sau ɗaya. Sai da na tsufa a nan Alƙahira, na binne mijina, na gane abin da yake ɓoyewa.

Washegarin ranar da aka toshe jirgin na saci kurfin, na zaƙulo ɗan ƙyalle daga tsagar, na shinshina. Warin kwalta kawai.