Kyanwar Rumbun Hamma

Hamma ya nannaɗe kyanwar a tsohon rawaninsa, ya matse ta tsakanin gwiwoyi, ya buɗe mata baki da yatsa biyu ya tura ɓarin ƙwaya can cikin maƙoshi. Ya riƙe bakin yana shafa mata wuya har ta haɗiye. Ɗaya ɓarin ya jefa a nasa bakin.

Ƙwayar tasa ce. Likitan Cadawa ne ya ba shi saboda maƙoƙon nan mai ƙona jiki: mutum ya ci ya ƙi ƙoshi, ya yi ta ramewa, hannu na rawa, zuciya na bugu kamar ana daka. An ce guda da safe, guda da yamma, kada ya kuskura ya rage, kuma ba a san ranar da wata ƙwayar za ta iso ba.

To Hamma tsohon makiyayi ne. Farin saba'in da uku ya kwashe masa shanu ya zaunar da shi a ƙauyen matarsa, amma hannunsa bai manta jikin dabba ba. Ranar da ya laluba wuyan kyanwar ya ji ƙullutu, ga ci ga rama, ga kuka babu dalili, sai ya ce cutarsu ɗaya.

Mutanen gari suka sami abin dariya, kuma dariya ta yi wuya a shekarar tamanin da huɗu. Ana tonon gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi, ga wani yana jinyar kyanwa.

"Malam, kashe kanka za ka yi saboda dabba?" in ji matarsa Zalika.

"Ita ka tsaron iri," ya ce.

Nan ya taɓo Zalika inda take da rauni. A rumbun bayan ɗaki akwai dami goma sha biyu na geron shuka. A wancan farin mahaifinta ya ci irinsa, damina ta zo ta same shi hannu wofi, gona ta tafi, gida ya watse. Tun daga nan ta rantse ko za ta mutu da yunwa, iri ba zai shiga tukunyarta ba. Kuma Zalika ba ta rantsuwar wasa.

"In ta mutu dai," ta ce, "sai ka fiddo mini irin ga in sussuke, in zuba tulu in kai ɗaki kusa da kaina."

"Ba ta mutuwa."

Daga ranar Hamma bai sake tsallake mata magani ba, ko da safiya ɗaya.

Abincinsu anza ne, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki. Duk Laraba Zalika takan ja jikarsu Dija, marainiya 'yar shekara biyar, su wuni a daji suna tsinka. A ranar ne Hamma yake zuwa Gazawa wajen Dikko, abokin kiwonsa na da. Kafin su dawo ya riga su gida, da tiya biyu na gero a jaka, yana haki, yana ta susar hannuwa. Geron Dikko fes yake, ko tsakuwa babu. Zalika takan dama kunu, ta ga Dija ta lashe ludayi, ta yi ta sa wa Dikko albarka, mutumin da ko fuskarsa ba ta sani ba.

Kyanwa ta murmure. Gashinta ya kwanta, kuka ya ragu, ta koma ƙarƙashin rumbu tana ta barcinta. Ko sau ɗaya ba a gan ta da ɓera a baki ba, daga kunun Hamma take sha.

"Wane irin gadi ne wannan babu kamu?" Zalika ta tambaya.

"Warinta kaɗai ya ishi ɓeraye."

Shi kuwa ƙarewa yake yi. Idanu suka fito, riga ta yi masa yawa, ƙafa ta kumbura. Da kwalbar ta kusa ƙarewa, Zalika ta gan shi ya ba kyanwar nata ɓarin, ya mai da nasa cikin kwalba. Ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi. Shekara talatin da aure, ba ta taɓa jin haushinsa da tausayinsa a haɗe kamar ranar ba.

Ya rasu da hantsi, zaune jingine da rumbu, ranar da hadarin farko ya taso daga gabas ya wuce bai zuba ba. Kwana tara bayan nan ruwa ya sauka, irin wanda ake shuka da shi.

Zalika ta share hawaye ta aika a kira ƙanenta Surajo, don mace ba ta shiga rumbun miji. Ta shimfiɗa tabarma inda za a jera damman. A ranta ta ce ko ba komai wahalar Malam ba ta tafi a banza ba, ya tsare musu iri.

Surajo ya hau, ya ɗage murfi ya shiga. Ya daɗe bai miƙo komai ba.

"Miƙo mana, ƙasa na shanye ruwa."

Ya leƙo da kai, bai iya haɗa ido da ita ba. "Yaya, babu iri. Zangarniya ce tuli, duk an murje ta da hannu. Ga buzun Malam shimfiɗe, ga gorar ruwansa."

Hamma bai taɓa zuwa Gazawa ba, wata shida ke nan irin suke sha a kunu.