Awarwaron Barau

Masu hawan keke a Dutse sukan ce ƙafafun Shekarau ba su san gajiya ba, bakinsa kuma bai san sassauci ba.

Tun da aka kafa dokar hawa bibbiyu, kowa na ɗaura awarwaro mai sauraren bugun zuciya. Idan zuciyar mutum ɗaya ta gaji, kekunan biyu kan rage gudu da kansu, ba kuma sa faɗin ta wane ce. Wata huɗu ke nan keken Shekarau da na ƙaninsa Barau suna yin nauyi a tsakiyar tudu.

"Kai ne dai, raggo!" Shekarau kan ce. "Na girme ka da shekara tara, amma kullum ni ke jiranka."

"Ni ne, Yaya," Barau kan amsa.

Ranar Asabar suka yi sallar la'asar a gindin dutse, sannan suka hau. Daidai wata kuka feda ta yi nauyi. Shekarau ya juyo zai fara faɗa, sai ya ga hannun Barau babu komai. Ashe ya cire awarwaronsa wurin alwala, ya manta shi a can. Zuciya ɗaya ce kekunan ke saurare, ta Shekarau.

Shekarau ya sauke ƙafa ƙasa, ya daɗe yana kallon nasa hannun.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun watan farko. An duba ni, lafiyata lau. Tsoro na ji kada ka jingine keken ka koma zaman zaure."

Shekarau ya dubi ƙaninsa.

"Barau, wata huɗu ina zaginka a gaban mutane. Don Allah ka yafe mini."