Baduku da Soron da Dillali Ya Kushe

Tunda ka ce dillali ya tasa ka gaba a kan gidanka, zauna in ba ka labarin wani baduku.

Dattijo ne da ya shekara arba'in yana ɗinkin fata a zauren gidansa, har ido ya fara yi masa gardama, allura ta daina shiga inda ya nufa. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'yarsa tilo kuma tana aure a wani gari mai nisa. Sai ya yanke shawarar sayar da gidan, ya sayi ɗan madaidaici kusa da ita, ya ajiye ragowar kuɗin ya riƙa ci da su, don ba abin da yake tsoro kamar ya ƙare rayuwarsa a zauren suruki yana jiran a miƙo masa tuwo. Ban da gidan nan ko akuya ba shi da ita. Ya kira dillali ya damƙa masa amana.

Ranar farko dillali ya yabi gida kamar zai lashe shi. Mako bai zagayo ba harshe ya juya. Ya dinga kawo mutane, kowa ya leƙa, ya taɓe baki, a fita waje a yi ƙus-ƙus, sannan dillali ya dawo shi kaɗai da tayin da bai kai na jiya ba. Ko sau ɗaya bai bari baduku ya yi magana da mai saye ba. Kullum kuma zancensa ɗaya ne: babban soron da ke tsakar gida azararsa ta ruɓe, ba zai ga ƙarshen damina ba, in ba a sallama kafin ruwa ya sauka ba, kango za a sayar.

To, baduku da hannunsa ya zaɓi azarar nan, kuma duk shekara shi ke hawa ya yi yaɓe ya shafe da makuba. Amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Tun yana cewa albarka da ƙarfinsa, har ya koma faɗinta kansa a ƙasa, yana jin nauyin mutumin da takalminsa ya ƙare a zirga-zirga. Abin takaici ma, sai ya naɗe tabarmarsa ya daina kishingiɗa a soron, ya koma tsoron ɗakin da ya gina. Daga ƙarshe ya ce ya yarda. Aka sa rana: mai saye zai zo bayan azahar ya yi duban ƙarshe, daga nan a wuce wurin mai unguwa, baduku ya furta sallama a gaban shaidu, magana ta ƙare.

Suna tsaye su uku a tsakar gida hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Dillali ya tattare babbar rigarsa ya ruga, kuma duk da zaure ya fi kusa, cikin soron ya faɗa. Ya jawo mai saye, ya zauna ya jingina da bangon da ya ce zai rufta, ya miƙe ƙafa, ya ciro goro ya ɓara. Baduku ya tsaya a bakin ƙofa ruwa na dukan bayansa, yana kallon mutumin da ya hana shi sakat wata biyu, ga shi zaune ko ɗaga ido bai yi ya dubi azara ba. Can sai al'ada ta motsa baduku. Ya ɗauko tsohuwar tasa, ya wuce kusurwar da ke ƙarƙashin indararo ya ajiye, ɗigo ya fara sauka a cikinta kamar yadda ya saba tun shekarar da aka haifi 'yarsa. Dillali bai taɓa nuna wannan wurin ba, don bai san da shi ba.

Baƙin ciki ya cika dattijon, kuma mafi yawansa a kan kansa ne, da ya bar bakin baƙo ya rinjayi saninsa na shekara arba'in. Ya juya ga mai saye ya ce, "Malam, ga aibin gidan nan, kuma shi kaɗai ne. Nawa aka ce maka na yi masa kuɗi?" Mutumin ya faɗa. Ashe ya kusa ninka abin da ake kawo wa baduku.

Dillali ya miƙe da goro a kumatu ya ce, "Haba Baba, ai ciniki ya riga ya faɗa."

Baduku ya ce, "Ban ce na sallama ba. Albarka."

Da ruwa ya tsagaita ya raka su ƙofa, ya karɓe amanarsa daga hannun dillalin. Sai bayan kaka ya sayar da gidan ta hannun wani, shi da mai saye gwiwa da gwiwa a gaban mai unguwa, soron yana tsaye daram. Tasar kaɗai ya bar wa sabon mai gida.

Saboda haka ka riƙe wannan. Dillali la'adarsa ce haƙƙinsa, ka ba shi ita cif in ya yi aiki. Amma yanke farashi naka ne, ganin mai saye ido da ido naka ne, sauya dillali naka ne, sallama kuma daga bakinka kaɗai take fita. Ka saurari shawara, amma kada wanda ya yi sa'a ɗaya a gidanka ya koya maka gidanka. Hausawa sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.