Gidan Da Take Ajiya A Ciki

"Faɗa mana alamomin haɗari ga mai juna biyu," in ji shugabar masu jarrabawa.

Nan take kan ɗalibar ya ɗauke. Wannan ce damarta ta ƙarshe a makarantar ungozoma ta Birnin Kebbi, in ta faɗi sai gida. Ta runtse ido, ta yi abin da ta saba yi kullum in tana bita: ta shiga gidansu na Argungu a zuci, inda ta ba kowane darasi wurin zama.

Ga kumburin ƙafa a bakin zaure, inda Baba ke tuɓe takalmi. Ciwon kai na cikin turmi, taɓarya na dukansa. Zazzaɓi na kan murhu, jijjiga na kan keken ɗinkin Inna, zubar jini kuwa na gindin tsohuwar randar nan mai yoyo. Ta bi su ɗaki-ɗaki tana faɗa da ƙarfi, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Shugabar ta ajiye biro tana murmushi. "Ɗiyata, ya aka yi kika riƙe su haka?"

"A gidanmu na jera su, Hajiya."

"Lalle ina son ganin gidan nan."

"Ambaliyar bara ta tafi da shi, ko tubali bai saura ba." Ta ɗaga kai, ta dafa goshinta. "Amma a nan, Hajiya, ko randar ba ta gusa ba."